Zuwa ga abokan cinikinmu, game da ɗaliban da kuke gani a teburin gyara

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa.

A makon jiya wani dattijo mai sana'ar riɗi ya kawo mana kwamfutarsa. Da ya ga matashi ya miƙo hannu zai karɓa, sai ya janye ta, ya dube ni ya ce, "Malam, lissafin kakar bana duk yana ciki. Ba za a koyi aski a kaina ba." Alhaji yana da gaskiya, kuma na san da yawanku haka kuke ji, kunya ce ta hana ku faɗa.

Ɗalibai uku ne ke tare da mu. Biyu daga Hartum suka dawo bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya katse musu karatun kwamfuta. 'Ya'yan unguwarmu ne a nan Gadarif, kun san iyayensu.

Yawancin abin da ake kawo mana ƙaramin aiki ne. Kwamfuta tana zafi tana mutuwa da kanta, a buɗe a tarar ƙurar garin nan ta dunƙule a bakin fanka kamar audugar katifa. A share, a goge tsohon man rage zafi da ke kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, a shafa sabo, ta dawo hayyacinta. Ko agogonta kullum yana komawa baya, a canja ɗan batirin nan CR2032 mai kama da kwabo. Ko a ƙara RAM, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, wanda iri-iri ne: tsagar nau'in DDR3 daban take da ta DDR4, ba ya shiga ramin da ba nasa ba. Irin wannan na yarda su yi, kuma na ga hannunsu. Kafin su taɓa komai sai sun cire batir, su zana hoton bayan kwamfutar a takarda, kowane noti a ajiye shi a gurbinsa, domin dogon noti idan ya shiga ramin gajere yana iya huda babban allo, wato farantin da kayan cikin kwamfutar ke haɗe a kansa.

Abin da ban ba su ba: aikin dalma a babban allo, batirin da ya kumbura, da buɗe akwatin wuta na kwamfutar tebur, wanda ke riƙe caji ko bayan an zare shi daga soket. Da irin yadda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, ga janareto, waɗannan suna zuwa mana da yawa, kuma ni nake zama a kansu.

An taɓa yin kuskure, ba zan ɓoye muku ba. Ɗayansu ya ja siririn wayar kibod bai ɗaga makullinta ba, makullin ya karye. Shi da kansa ya zo ya faɗa mini, hannunsa na rawa. Muka kira mai kwamfutar, muka gyara da kuɗinmu. Tun ranar na ƙara yarda da yaron nan, don da ya rufe ya yi shiru, sai bayan kwanaki za a gane.

Inda na fi tsanantawa shi ne sirrinku. A cikin kwamfutocin nan akwai hotunan iyali, takardun gado, shaidar karatun waɗanda suka baro gidajensu ba su ɗauko komai ba. Dokar shagon nan, ba a buɗe fayil ɗin kowa, ba a saka filashin wani a kwamfutar wani, kuma sikirin yana fuskantar ƙofa yadda kowa zai gani. Wanda ya karya wannan ya bar aiki a ranar. Hajiya, idan kina so ki zauna a yi aikin a gabanki, ga kujera. Idan kwamfutarku tana da makullin BitLocker, wato tsarin Windows mai kulle fayiloli, ku nemo lambobin buɗe shi guda 48 kafin ku zo, domin idan kwamfutar ta nema babu, ni ma ba ni da dabara.

Daga yau za mu riƙa rubuta sunan wanda ya yi aikin a rasit, ni kuma in duba in sa hannu. Duk abin da ya lalace a hannunsu, a wuyana yake. Wanda ya fi son ni kaɗai in taɓa masa, ya faɗa tun a bakin ƙofa, ba za mu ji haushi ba, sai dai zai ɗan jira layi.

Alhaji ya dawo jiya ya karɓi tasa. Ni na gyara masa, kamar yadda ya nema.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Sudan.

Naku,
mai shago da yaransa, kasuwar Gadarif