Sakon shugabanni ga 'yan uwa mazauna waje: gubar dalma ta sake taba mu

Assalamu alaikum 'yan uwa na Saudiyya, Ingila, Amurka da duk inda kuke.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kun dai ji rasuwar yaron kanen ma'ajinmu, ko shekara uku bai cika ba. Allah ya ba iyayen hakuri, ya sa mai ceto ne. Da farko an dauka zazzabin cizon sauro ne, ana ta ba shi magani, sai amai, sai jijjiga, ko da aka auna jininshi aka ga dalma ce lokaci ya riga ya kure. Kuma a cikin gidan ake nika dutsen zinari, a tsakar gidan da yara ke rarrafe.

Wallahi abin da ya fi kona mana rai shi ne mu ba baki ba ne ga wanga bala'i. A 2010 yara wajen 400 suka mutu a kananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, kauyuka irin su Dareta, Abare, Yargalma, Sunke, wa ya manta? Agwagi suka fara mutuwa ba wanda ya kula, sai da likitocin kungiyar agaji ta MSF suka ga kaburburan yara sun yi yawa. An kankare kasar gidaje an zuba sabuwa, Bagega sai 2013 aka samu kudin yi mata aikin, dubban yara suka sha maganin fitar da gubar. A 2015 kuma ta bulla Shikira a jihar Neja ta kashe yara 28. Dutsen da ke da zinarin nan shi ke dauke da dalmar, in an nika shi a bushe kura ta bi kasa ta bi kwano, yaro ya sa hannu baka shike nan. Wanda ya tsira ma ba lallai ya tsira lafiya ba, wani makanta, wani kwakwalwa ta tabu har abada, ya girma ana ce mai dakiki. Mai ciki kuwa dalmar da ta kwanta mata a kashi tana bi ta kai ga dan tayi. Ga zaiba da ake konawa a ware zinari, hayakinta na lalata jijiya da koda.

Yanzu ga maganar da ba mu so fadi ba amma dole. Akwai cikinmu wadanda da kudinsu aka sayi injinan nikan nan, suna nan suna karanta wanga sako, sun san kansu mu ma mun san su. Kai kana kasar da ko fenti mai dalma an hana shafawa a bango, diyanka na makaranta lafiya lau, amma ka aika a kafa inji a gidan da diyan dan uwanka ke kwana, da aka yi maka magana a taro ka ce hassada ce, har ka tara mutane ana shirin ballewa a kafa wata kungiya. Haba dan uwa! Ba mu ce kowa ya bar sana'a ba, mun san halin da gida ke ciki, gona ma ba ta shiguwa saboda 'yan bindiga. Cewa muka yi a fitar da inji bayan gari, a rika jika dutse kafin nika, mai aiki ya yi wanka ya canza tufafi kafin ya shigo gida, kuma kar a nika hatsi a injin da ya taba dutse. Wanne ne hassada a ciki?

Mun yanke za a dauki duk yaran gidan da na makwabta 'yan kasa da shekara biyar a kai su awon jini, kudin mota da na awo daga asusu, to amma asusun ba komai don mutane da yawa ba su biya kudin wata ba tun bayan babbar sallah. A tura ma mataimakin ma'aji kafin Juma'a, shi ma'aji yana zaman makoki.

Taro ranar Lahadi ta Zoom bayan la'asar agogon gida. Maganar rijiya da zaben reshen Jidda an daga. Masu injinan muna son ganinku a taron.

Shugaba da Sakatare