Kututturen ayaba da ganyen abarba ba shara ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini in faɗi abin da ya daɗe yana damuna.

Ni tela ne, na haura shekara 20 a kan keke. Yawancin yadin da ke biyowa ta hannuna yanzu na roba ne, irin wanda ake yi da sinadarin man fetur. Dutsen guga ya yi zafi ya narkar da shi, a sa shi a jiki zufa ta hana mutum sakat, in ya tsufa aka yar kuma ba ya ruɓewa. Fiye da rabin zaren da duniya ke samarwa a yau irinsa ne. Audugar da muke ƙauna kuwa akwai ta da shan ruwa, ban ruwan gonakinta ne ya ƙafar da mafi yawan Tekun Aral a tsakiyar Asiya.

Alhali ga zare nan zube a gonaki, ana cinna masa wuta ko a bar shi ya ruɓe. Ayaba sau ɗaya take haihuwa, da an yanke nononta sai a sare kututturen. A cikin ɓawonsa akwai dogayen zaruruwa masu ƙarfi. Kankare su ake yi, a wanke, a shanya, a taje, sannan a kaɗa su zalla ko a gauraya da auduga don su yi laushi. Mutanen Okinawa a Japan sun yi ɗaruruwan shekaru suna saƙa tufafi da zaren wani nau'in ayaba, a Filifin kuma da zaren ganyen abarba ake saƙa rigunan alfarma. Daga can ne Carmen Hijosa, 'yar ƙasar Sifen, ta samo dabarar Piñatex, wani abu mai kama da fata da aka yi da zaren ganyen abarba, ake ɗinka jaka da takalmi da shi. A Yuganda, kamfanin TEXFAD na saƙa dardumomi da zaren ayaba. Har ɓawon lemu an mayar da shi yadi a Italiya, kamfanin Ferragamo ya fitar da kayansa a 2017.

Ga inda nake so masu ruwa da tsaki su saurare ni. Kututturen ayaba kusan duk ruwa ne, ga nauyi, ga saurin ruɓewa. Wanda ya ce a loda shi a mota zuwa masana'anta mai nisa, ruwa zai yi ta dako. Kamata ya yi ƙaramin injin kankara ya je gona, ƙungiyar manoma ta mallake shi, su riƙa sayar da busasshen zare. Ta haka manomi zai ci moriyar guminsa, ba a karɓe masa kaya a banza da sunan shara, wani ya je ya yi arziki da su ba. Dusar da ta rage bayan kankara kuma ta koma gonar ta zama taki, don in aka kwashe komai ƙasa za ta gaji, dabbobi ma su rasa rabonsu.

Ina kira ga makarantun koyon sana'a su sa wannan aiki cikin darussansu. Ranar da aka kawo mini yadin ayaba mai laushin da allura za ta ratsa, ni zan fara ɗinka wa kaina riga da shi.

Na gode.

Naku,
Wani tela, mai karanta jaridarku