Kafin a Sayi Boris, a Saurari Kukan Motar

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in ja hankalin direbobi kan gunjin da ke tasowa daga ƙarƙashin mota, musamman bayan damina. Da yawa da sun ji shi sai su ce boris ne, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da taya ke juyawa a kansa, a sayo sabo a ɗaura, kuka kuma yana nan.

Kukan boris ɗin ƙafa gudun mota yake bi, ba ruwansa da inji. Yakan fara fitowa wajen gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa, kamar jirgin sama daga nesa. A miƙaƙƙen titi marar cunkoso, direba ya ɗaga ƙafa daga totur ya saka firi. In kukan ya mutu tare da ƙarar inji, a duba salansa ko inji. In yana nan, sai ya karkata sitiyari kaɗan hagu, kaɗan dama. Juyawa hagu tana ɗora nauyi a ƙafafun dama, don haka in gunjin ya ƙaru a lokacin, galibi boris ɗin dama ne ya ci.

Amma tayar da ta cinye gefe guda ko ta yi tudu-tudu tana irin wannan kukan, kuma ita ce ta fi yaudarar mutane. A kai tayoyin gaba baya. In kukan ya bi su, tayoyin ne, an huta. Ƙas-ƙas a kwana mai tsanani kuwa shaf ne, wato sandar ƙarfen da ke juya taya.

A gareji a ɗaga motar da jak, a tokare ta, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In tana lilo, wani ya taka birki: lilon ya ɓace, boris ne, bai ɓace ba, a duba bol join, wato mahaɗin da ke riƙe ƙafar motar. Wani boris ɗin ba ya lilo ko kaɗan alhali ya mutu, saboda haka a juya tayar da hannu ɗaya, ɗayan a dafa sifirin. Za a ji gurzar a tafin hannu.

Ruwa ne babban mai kashe shi. In robar da ke rufe shi ta tsage, ruwa da yashi su gurɓata giris, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Ramuka da lodin wuce kima sukan ƙarasa aikin. Sai kuma mu makanikai: boris irin wanda ake matsawa cikin gidansa ba a buga shi da guduma, injin matsi ake kai shi, domin duka yana lotsa hanyar da ƙwallayen ke bi. Notin shaf ma yana da ƙa'idar ɗauri da kamfanin motar ya rubuta, ba tsalle a kan sifana ba. Motar da ke da ABS kuwa, wato tsarin da ke hana taya ƙamewa in an taka birki, gefen boris mai maganaɗisu ne ke fuskantar na'urar da ke auna gudun tayar. In an ɗaura shi a juye, fitilar ABS za ta kama, kuma cire shi yakan lalata shi.

Wassalam.

Wani makaniki,
Zariya.