Labaran Sadaukai Da Aljanu Sun Koma Waya, A Gyara Yadda Ake Sakin Su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida in tanka wa masu cewa matasa sun daina karatu. Ba su daina ba, wurin karatun ne ya canja. Budurwar da a da take aiken ƙaninta shagon haya ya karɓo mata littafi na ɗaya da na biyu, yau a wayarta take karantawa, a WhatsApp ko Wattpad, wata kuma tana wanke-wanke tana sauraron mai karanta littafi a YouTube. Na soyayya sun fi yawa, amma maganata a kan labaran sadaukai da aljanu da bokaye take, waɗanda masu karatu ke kira littattafan yaƙi, domin su wannan sauyi ya fi taɓawa.

Da irin wannan labari ƙagaggen rubutun boko ya fara tsayawa da ƙafarsa. Gasar rubutu da Baturen jami'in ilimi Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, ɗaya yana neman ruwan magani har ƙasar aljanu, ɗaya yana yaƙi da su. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya biyo baya, sannan a 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Har yau idan masu son wannan fanni suka zauna hira, sunayen nan ne ke fara fitowa. Abin lura, dukansu gajeru ne, kuma an kammala su an tace kafin kowa ya gani.

Yanzu ga yadda ake yi. Marubuci ya saki 'yan shafukan farko kyauta, idan labari ya kama mutane sai ya sa kuɗi. Mai karatu ya tura ta asusun banki, ya aika shaidar biya, a saka shi a zauren waɗanda suka biya. Daga nan kullum ana jiran sabon shafi, kuma sau da yawa abin da aka rubuta da safe shi ake saki da dare. Labarin soyayya yana iya jure wannan. Labarin tsafi ba ya iyawa, domin a kan ƙa'idoji yake tsaye. Idan a shafi na 12 boka ya ce zoben nan sau uku kacal zai yi aiki, sai ga jarumi ya murza shi karo na biyar a shafi na 60, to fargabar mai karatu ta tafi, tunda ya gane babu hatsarin da jarumin ba zai tsallake ba. Ba rashin basira ke jawo haka ba. Shafi na 12 ya riga ya nutse cikin dubban saƙonnin godiya da sharhi, marubucin kansa ba zai iya lalubo shi ba.

Maganin ba shi da tsada. Marubuci ya sayi littafin rubutu na 'yan makaranta mai shafi 40. Ya ware wa kowane babban tauraro shafi guda: sunansa, iyayensa, makaminsa, da lagonsa. Ya ware wasu shafukan ga kayan tsafi, kowanne da abin da yake yi, iyakarsa, da abin da ke karya shi. A tsakiya ya zana taswira, ya rubuta kwana nawa ne a kan doki daga wannan birni zuwa wancan, don kada tafiyar wata guda ta koma ta yini ɗaya. Kuma kada ya saki shafin farko sai ya san yadda labarin zai ƙare, yana da aƙalla babi goma ajiye a hannu. Waɗannan goman su za su rufa masa asiri ranar da babu wuta ko ya kwanta rashin lafiya, su kuma hana shi ƙirƙiro sabon dodo kawai don ya cike gurbin yau.

Sai rubutun kansa. Yawancin masu bugawa a waya ba sa sa haruffa masu lanƙwasa, alhali "baƙin aljani" daban, "bakin aljani" daban. Manhajar Gboard ta allon rubutu a waya tana da Hausa, a shiga wajen zaɓen harshe a ƙara ta, ƙ da ɗ da ɓ za su samu.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne fitar da littafin kuɗi. Mutum ɗaya ya biya, ya kwafe ya watsa a zauruka goma, kuɗi su daina shigowa, marubuci ya yi fushi ya ajiye labari ana tsakiyar yaƙi. Waɗanda suka biya da gaskiya su ke asara. Mai tura littafin da bai mallaka ba ya sani haƙƙin wani yake ci. Shi ma marubuci ya riƙa ajiye kwafi biyu a wajen wayarsa, ɗaya a imel, ɗaya a takarda, don waya tana ɓata, dandali ma yana mutuwa, kamar yadda OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai a intanet, ta rufe a ƙarshen 2023.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ku ware ko rabin shafi ne a mako don sharhin irin waɗannan littattafai, da sharaɗin sai wanda aka kammala, a faɗi sunan marubucinsa da halastacciyar hanyar sayensa.

Wassalam,
Mai karatunku daga Zariya