Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Al'adu Na Cadi Kan Kufan Wara

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, maganar Wara ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ba sai na faɗa maka mece ce Wara ba. A can Sarki Abdulkarim ya kafa gadon sarautar Wadai, tsohuwar daular gabashin Cadi, a ƙarni na 17, a can sarakuna suka yi mulki har rijiyoyi suka ƙafe a ƙarni na 19, fada ta koma Abeshe. Fada da masallaci na ƙonannen tubali suna nan a tsakanin duwatsu, kimanin kilomita 60 arewa da mu nan Abeshe, maƙabartar sarakunan kuma tana kusa. Kowace damina ruwa sai ya ci wani abu a jikin ginin, abin da ya faɗi kuma ya faɗi ke nan.

A 2005 gwamnatin Cadi da kanta ta miƙa sunan Wara ga UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, cikin jerin wuraren da take so a ɗauka a matsayin gadon duniya. Mu alkawari muka ɗauki wannan. Tafkunan Unyanga sun shiga a 2012, tsaunukan Enedi sun shiga a 2016, mun yi murna da su ƙwarai. Wara kuwa tana nan a layin jira. Ranka ya daɗe, me za a nuna wa masu bincike ranar da suka zo, in katangun sun riga sun zama tsibin ƙasa?

Kakanninmu Hausawa da suka taka sayyada zuwa Makka ta ƙasar Wadai suka ratsa, wasu suka yada zango a Abeshe, suka haife mu. Shi ya sa abin yake yi mini ciwo in ga yaro ya gama makaranta a garin nan bai taɓa tsayawa a kan kabarin sarkin Wadai ko ɗaya ya yi masa addu'a ba.

Don Allah a turo magina da suka san aikin tsohon gini su tokare bangon da ya tsage kafin damina ta faɗi. A kewaye maƙabartar, a sa masu gadi daga ƙauyukan kusa, a riƙa biyansu a kan lokaci. Hanyar ma tana son gyara. Akwai kuma batun kaburburan malaman da Faransawa suka sassare a Abeshe a 1917, kisan da ake kira Kabkab, wannan zan rubuto maka shi daban.

Muna sauraron ranar da za ka zo Wara da ƙafarka.

Naka,
Wani mazaunin Abeshe