Kuzar Riruwai da Hanyoyin Ƙauyukanmu

Ya Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini. Mu a Riruwai, Ƙaramar Hukumar Doguwa, tun zamanin Turawa ake haƙar kuza a duwatsunmu. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta ware wa ma'adinai ma'aikata tasu, mun kuwa yi murna.

Sai dai da damina ta kankama, manomi kan ɗora buhun masara a babur ya yi ta fama da taɓo kafin ya ga kwalta, wani lokacin rafi ya tare shi har yamma. Mai naƙuda ma haka, abin da ya fi damuna ke nan.

Don Allah a ware wani kaso daga kuɗin ma'adinan nan a yi mana hanyoyi da kwalbatoci.

Naka,
Wani manomi daga Riruwai