A sanya wasannin harshe cikin darasin Larabci a firamare

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana malamai kan yadda muke koyar da karatun Larabci a firamarorin karkara.

A yawancin azuzuwanmu malami yana biyawa ne yara suna amsawa, har su haddace baƙaƙe 28 a jere. Amma da zarar an ware baƙi guda an nuna wa yaro, sai ya koma kan alif yana ƙirgowa, domin kunnensa ne ya riƙe karatun, idonsa bai san baƙin ba. Ga kuma yaron da ya fito daga makarantar allo, wanda ya saba ganin baƙin fa da ɗigo a ƙasa da ƙaf da ɗigo ɗaya a sama irin na rubutun Warshu, sai ya tarar littafin boko ya mayar da ɗigon fa sama, ya ba ƙaf biyu.

Wasa yana maganin wannan, kuma ba ya cin kuɗi. A zana jikin baƙin ba a kan kwali ba tare da ɗigo ba, a raba wa yara 'ya'yan tsamiya. Idan malami ya ce ta, kowa ya ɗora ƙwaya biyu a sama. Idan ya ce ba, a mayar da ɗaya ƙasa. Na ga yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba tana gyara wa maƙwabciyarta ƙwaya tun kafin in iso wurinsu. Haka nan ana iya ba yara uku baƙaƙen kaf da ta da ba, su jera daga dama zuwa hagu, na huɗu ya zo da wasali, aji ya karanta abin da ya fito.

Wasu iyaye suna ganin wasa da harshen Alƙur'ani rashin ladabi ne, kuma damuwarsu abar girmamawa ce. Saboda haka kada a rubuta aya ko sunan Allah a kwalin da zai iya faɗuwa ƙasa. Kalmomi irin su babun (ƙofa) da ƙalamun (alƙalami) sun wadatar.

Ina kira ga hukumar ilimin matakin farko ta Jigawa (SUBEB) da Kwalejin Ilimi ta Gumel da su ba wannan hanya gurbi a bitar malaman Larabci, musamman masu riƙe da aji ɗaya zuwa uku.

Wassalam.

Malamin Larabci,
ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa